Katafila da Gadar Ƙauyenmu

Mun tashi daga Gusau ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina mai ƙaramar mota, amma ba mu yi nisa ba. A bakin gari muka tsaya tare da sauran motoci sai da rana ta fito sosai, domin a zamanin nan babu mai kama hanyar Tsafe da sauran duhu. Ina zaune ina tuna lokacin da mukan bi wannan hanya a bayan motar katako muna ɗalibai, ba mu tsoron komai sai barcin direba.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, tafkin ƙauyenmu da ke bayan Bunguɗu ne ya cike da laka. Bazara na kamawa sai ya ƙafe, mata su shiga yawon neman ruwa, makiyayan da ke kewaye da mu su kora shanu nesa. Ƙungiyar 'yan garinmu ta samo katafila mai dogon hannu da za ta yashe shi kafin ruwa ya sauka. Ta gama wani aiki kusa da Tsafe, kuma mai ita ya ce in ba mu ɗauka a makon ba, akwai masu jira. Da yake na yi ritaya daga koyarwa, sai aka yanke cewa ni ne marar aikin yi, aka ɗora mini neman takardar izini da rakiyar kaya.

Ashe ba a ɗora irin wannan kaya a kama titi haka kawai. A ofishin kula da hanyoyi an tambaye ni tsawon kayan da faɗinsa da tashinsa sama bayan an ɗora, da nauyin tirela da katafila a haɗe, da yawan layin tayoyi, da garuruwan da za mu ratsa. Kowace tambaya sai na fita na kira direban tirelar da za ta ɗauko katafilar, har jami'in ya gaji ya ce in miƙo masa wayar su yi magana da kansu. Sharuɗɗan da aka ba mu su ne tafiya da rana kawai, jan ƙyalle a kowace kusurwar kaya, da ƙaramar mota a gaba tana gargaɗin jama'a. Izinin kuma ya ƙare ne a inda kwalta ta ƙare. Daga nan, in ji jami'in, tsakaninmu ne da mutanen gari.

Abin da ke hana ni sukuni ke nan tun kafin mu tashi. Tsakanin kwalta da ƙauyenmu akwai rafi, a kan rafin akwai gada guda ɗaya, wadda iyayenmu suka gina da aikin gayya ina yaro. Tafkin kuwa yana ƙetare. Na faɗa wa direba a waya, ya ce ba ya yanke hukunci a kan gadar da bai gani da idonsa ba.

A Tsafe muka tarar da shi, dattijo mai farin gemu da ƙarancin magana, tsaye kusa da doguwar tirelarsa mai shimfiɗaɗɗen baya. Tare da shi akwai mai tuƙa katafilar, Kirista ne da iyayensa suka zo daga Filato aikin jirgin ƙasa, aka haife shi a Gusau. Zamfarcin bakinsa ya fi nawa nisa ba kusa ba, har ya ce in ina so zai riƙa ba ni darasi da yamma. Muna shan kunu da ƙosai ya hau katafilar ya taka ta a hankali bisa bayan tirela, ƙarfe na kuka, tayoyi na lotsawa. Ya naɗe dogon hannun ya kwantar da shi, aka ɗaure da sarƙoƙi. Direba ya kewaya yana taka kowace sarƙa da ƙafa, inda bai gamsu ba ya sa aka sake ja. Ƙosan Tsafe dai yana nan da daɗinsa, sai dai ya ƙanƙance, kuma abin da ke ƙosar da mu mu huɗu a da yanzu ba ya isar mutum ɗaya.

Muka kama hanya, mu a gaba ina riƙe da jan ƙyalle ta taga, tirela na biye kamar tana bin gawa. Wanda bai taɓa tafiya a hankali a hanyar da ya saba wucewa da gudu ba, bai san hanyar ba. Na ga tsofaffin bishiyoyin 'Yandoto ɗaya bayan ɗaya. Na ga gonaki an yi sharar su ana jiran ruwa, na kuma ga waɗanda ba a taɓa ba saboda masu su sun koma cikin gari. Wurin da matan Fulani kan jera ƙore da fura da nono, yanzu mata biyu kawai na gani, muka tsaya muka sha don kada su koma da shi. A kowane shingen jami'ai sai na fito da takarda ina gyara murya, su kuwa su duba hatimi su leƙa sarƙoƙi su ɗaga mana hannu.

Duwatsun Kwatarkwashi ne kaɗai ba su canza ba. Malaminmu na firamare ya taɓa kawo mu nan yawon buɗe ido, muka hau har ƙafafu suka yi ciwo, muka ci hoce a kan wani falalen dutse. Na nuna wa abokina wurin, ya ce in mai da hankali ga ƙyallena, ga mai babur nan na neman shiga ƙarƙashin tirela.

Cikin Gusau ne aikin ya fi wuya. Wayoyin lantarki sun saƙa sama, wasu sun sunkuyo. Mai katafila ya sauka da doguwar gora busasshiya mai gwafa a kai, yana ɗaga waya, tirela ta wuce, ya ruga ya ɗaga ta gaba. Masu Keke Napep suka taru a bayanmu suna ta oda, wani ya tambaye ni ko gwamna ne ya aiko mu. Da muka tsallake tsohon layin dogo mai katafila ya nuna mini inda gidansu yake a da, yanzu shaguna ne. Mun yi azahar a bakin hanyar Bunguɗu, muka sayi mangwaro, wanda shi kaɗai ne na samu da araha a duk tafiyar.

Bayan mun wuce Bunguɗu muka bar kwalta. Kafin mu isa rafin rabin ƙauye sun riga mu, har da mai unguwa da shugaban ƙungiya. Gadar na nan yadda na san ta, 'yar siririya, simintinta ya yi baƙi. Kafin a gina ta, damina na yi mukan zama kamar tsibiri. A shekarar da ruwa ya ci ƙanen Kawuna yana dawowa daga kasuwar Bunguɗu aka ce abin ya isa. Maza suka fasa dutse, mata suka ɗebo ruwa suka dama fura, mu yara muka yi jigilar yashi a kwanonin abinci, wani magini daga Gusau yana nuna yadda za a yi. Ranar da aka buɗe ta mun wuni muna ƙetarawa muna dawowa ba tare da muna da inda za mu ba.

Direba ya kashe mota ya gangara ƙarƙashin gadar. Ya daɗe a can yana shafa ginshiƙai, sannan ya hauro yana kaɗe hannu.

"Malam, waɗanda sunka gina gadag ga sun yi aiki," in ji shi. "Amma ba don irin wanga kaya anka yi ta ba. In na hau, tare za mu sauka ƙasa."

Wasu matasa suka ce ai motocin dawa na wucewa kullum, a taka da sauri kawai. Direba bai yi gardama ba. Ya ce in an matsa masa zai juya da kayansa, kuma ko ma mene ne a yanke da wuri, don takardarsa ba ta ba shi tafiyar dare ba. Kowa ya san ma'anar juyawar nan, wato tafki ya sake shekara da lakarsa. Aka tambayi mai katafila ko ita kaɗai za ta iya hawa, ya ce ko ita kaɗai ta yi nauyi, ga ƙafafunta na ƙarfe da za su niƙe siminti. Amma tunda rafin a bushe yake, in akwai gangara mai sauƙi zai sauke ta ya ratsa da ita ta cikin yashi. Ya bi gaɓa sama da ƙasa ya dawo ya ce ko'ina gaɓar a tsaye take, sai wuri ɗaya.

Ban buƙaci ya nuna mini ba. Tsohon mashigi ne, inda ake ƙetarawa kafin gada. Da aka daina binsa, Kawu ya kewaye shi da shingen ƙaya ya mai da shi lambu, kuma da shi yake riƙe gidansa da rani. A ranar albasa ce shimfiɗe kore shar, saura kaɗan ta ƙosa.

Idanu suka dawo kaina, tunda ni ne ɗan ƙanwarsa. Kawu na zaune a kan wani dutse da sandarsa, ya tsufa fiye da yadda na bar shi da salla. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi zafi, na sake tambayar iyali.

"Mi kake ta kewaye-kewaye, ɗan nan? Na jiya abin da anka ce." Ya dubi gadar. "Albasa in Allah ya kai mu baɗi sai in sake shukawa. Waɗanda munka gina wagga kuwa, saura ni kaɗai. In ta karye, wa za ya tara muku mutane irin na da?"

Shugaban ƙungiya ya fara zancen diyya, Kawu bai ko juyo ba. Ya dogara sandarsa ya gangara, ya kama ƙayar shinge da hannunsa ya ja. Sai jama'a suka bi shi, har da matasan da ke cewa a taka da sauri. Aka shiga tuge albasar da ke kan hanya ana tarawa gefe, 'yan ƙanana da ita, wasu ba su fi goro ba. Mai katafila ya sauke ta daga tirela, ya gangara da ita a hankali yana leƙowa ta taga don kada ya wuce inda aka tuge. Duk da haka faɗinta ya ci fiye da rabin lambun, da ramin ban ruwa, da kunyoyin da aka daɗe ana gyarawa. Da ta haura ɗaya gaɓar mata suka yi guɗa. Ni dai hawaye ne suka zo mini, kuma ban ɓoye su ba.

Direba ya yi la'asar ya juya da tirelarsa babu kaya. Kafin ya hau mota ya je ya durƙusa ya gaida Kawu, suka yi magana da ban ji ba. Na kwana ƙauye. Da safe ƙarar katafila daga tafki ce ta tashe ni, yara sun jeru a gaɓa suna kallon baƙar laka na fitowa. Da za mu tafi na ce wa abokina ya wuce da mota, ni zan taka gadar da ƙafa. A kanta na sami Kawu zaune, ya ba lambun baya, da ƙullin albasa a gefensa. Ya miƙo mini ya ce in kai gida.

Mun shigo Gusau da hantsi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na yi ta alfahari da takardar da na samo, kuma ta yi aikinta har ƙarshen kwalta, amma izinin da ya kai katafila tafki daga bakin tsoho ɗaya ya fito, shi ne kuma ya biya. Na kuma gane cewa abubuwan da muke takawa kullum a garuruwanmu wasu ne suka gina su da hannu, kuma masu ginin suna ƙarewa muna kallo.

Da na ajiye ƙullin a tsakar gida, uwargida ta kwance ta ɗaga ɗaya tana dariya, ta tambayi wanda ya cuce ni a kasuwa da wannan albasa. Na ce daga Kawu ne, kuma ya ba ni saƙo gare ta. Ya ce ta yi haƙuri, ta bana ba ta samu ta ƙosa ba.