Ranar da Kakarmu Ta Ga Tsohuwar Littafi

Duk lokacin da na ji ƙarar ƙaramin janareta, sai garinmu Gozaki ya faɗo mini a rai, da tsakar gidanmu cike da ɓawon masara lokacin girbi.

Ina firamare aka ba mu wani littafin wasan kwaikwayo, labarin wata tsohuwa da 'ya'yanta suka nace sai ta sayar da gonarta. Kakarmu ba ta yi boko ba, don haka bayan la'asar ni ke karanta mata tana ɓare masara. Nakan shaƙe murya in yi tsohuwar, in buɗe ta in yi babban ɗanta. Ta fi son inda tsohuwar ke wanke 'ya'yan nan tas, har ta haddace wurin. A gida mai jikoki rututu, karatun nan ne ya ba ni gefen tabarmarta, kuma ba na wasa da shi.

Sai ga kawu ya dawo daga Funtua a kan babur da faifai a aljihu, wai an mayar da littafin fim. Kowa na murna ban da ni. In talabijin zai yi mata tsohuwar, ni kuma me ya rage mini?

Bayan magariba aka tada janareta, maƙwabta suka cika gidan. Ba a jima ba dariya ta ɓarke. Wanda ya fito a manomi ya riƙe fartanya kamar za ta cije shi, kuma ana zancen girbi alhali dawar da ke bayansa ko kai ba ta fitar ba. Baba ya ce, "Wannan ko ciyawar ƙofar gida ba zai iya nomewa ba."

Amma da aka zo inda tsohuwar ta je gonarta da safe, sai kowa ya zuba wa talabijin ido. A littafi layi ɗaya ne kacal. A fim kuwa duƙawa ta yi, ta ɗebi ƙasa, ta murza, ba ta ce uffan ba. Na ga kakarmu tana goge ido da bakin zane. Nan na saduda, don muryata ba za ta iya wannan ba.

Muna jiran faɗan da tsohuwar za ta yi wa 'ya'yanta, sai aka sako waƙa da rawa a gindin mangwaro. Faɗan dai har fim ya ƙare bai zo ba.

Washegari da la'asar na je na raɓe bayan rumbu ina ta kumbura. Sai kakarmu ta aiko a kira ni.

"Ke 'yar nan, ɗauko littafin. Sun nuna mini fuskarta, sun hana ta magana."

Daɗi ya kashe ni. Ranar na karanta har muryata ta dushe, ita kuma tana riga ni faɗin wasu kalmomin.

Yau 'ya'yana kowa a wayarsa yake kallo, in wuri ya gundure shi ya wuce da yatsa. Ban hana su ba, ni ma ina kallo. Sai dai nakan ɗan tausaya musu, don babu wanda ya taɓa aikowa a kira su saboda yana kewar muryarsu.