Jan Zaren da Kaka Ta Raba Biyu

Shekarun baya, lokacin babbar ɗiyata tana ajin ƙarshe na firamare, ta dawo daga makaranta da jan zare ɗaure a wuyan hannunta. Ina cikin tankaɗe na ɗago na gan shi, sai na zaci wani ne ya ɗaura mata abin asiri a hanya.

"Ke, mi na na a hannunki?"

"Mama, ni ce Nijar," ta ce, tana washe baki.

Ko takalmi ba ta cire ba ta fara ba ni labari. Malaminsu na darasin zamantakewa ne ya fitar da su gindin dogon yaro, ya sa suka yi da'ira, ya ba kowa sunan wata ƙasa. Yara uku har sun kusa dambe a kan wanda zai zama Saudiyya. Ita kam babu wanda ya yi takara da ita, ta ce a ba ta Nijar tunda kakarta tana Ƙonni. Sai Malam ya kawo dunƙulen zare. Chana ta jefa wa Najeriya saboda wayoyin hannu, Najeriya ta jefa wa Nijar saboda wutar lantarki, Nijar ta mayar saboda shanu da wake, haka dai har zaren ya sarƙe tsakaninsu kamar saƙar gizo-gizo. Malam ya ce Indiya ta ja nata. Kowa ya ji a yatsansa.

"Sunan abin dogaro da juna," ta ce da ni. "Na tambayi Malam, in wani ya saki fa? Ya ce babu mai saki, don wanda ya saki shi ma zai ji a jikinsa."

An ba su aikin gida, su rubuto abubuwan da ke cikin gidansu waɗanda suka zo daga ƙasar waje. Ni da na koyi a-ba-ca-da a ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana, sai na gyara zama kamar wata shugabar makaranta. Muka bi ɗaki da madafa muna juya gwangwanaye muna neman rubutu. Wani na karanta, wani na yi tari na wuce. Ta ɗauko cukun da mahaifiyata ta kawo mana ta ce a sa shi. Na ce a'a, wannan ai daga ƙetare ne kawai, ba daga waje ba.

Mu a Illela haka muka taso muna faɗi. Ƙonni ƙetare ce. Waje kuwa sai an hau jirgi. A Ƙonni aka haife ni, aure ya kawo ni nan, kuma in na tashi da hantsi nakan je in gaida Inna in dawo in ɗora tuwon dare. Amma yarinya ta kafe, wai Malam ya nuna musu a taswira, akwai layi tsakani.

Ranar kasuwa Inna ta zo kamar yadda ta saba. Tana fama da ciwon suga, irin mai allura, kuma a wani kantin magani na nan Illela muke saya mata. Sai mu jera kwalaben a ƙaramar kula da ƙanƙara, in ta koma ta ajiye a firjin wani maƙwabcinta mai shago. Tana zama a tabarma jikarta ta tare ta da zancen.

"Kaka, ke 'yar ƙasar waje ce."

"Ni? Kai, ji min ɗiyar ga! Ni da na yanke miki cibi? In ni 'yar waje ce, ke mi ce, kayan fasa-ƙwauri?"

Muka yi ta dariya. Da aka yi mata bayanin zaren sai ta kalle shi, ta ce wannan malami ya san abin da yake yi. Ta sa aka kwance shi, ta tsinke shi biyu da haƙori, da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta ɗaura rabi a hannunta, ta mayar wa yarinyar rabi.

"To ƙawata, in na ja daga Ƙonni sai ki ji, ki rugo."

Da damina ta yi tsaka sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Kafin mu gane abin da ake ciki an rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya, albasa na ruɓewa a cikinsu, wari har cikin gidaje. Sai kuma muka ji an yanke wutar da ake ba su daga wannan ɓangaren. Ni ban san waɗanda suka zauna suka yanke wannan shawara ba, kuma na tabbata ba su taɓa jin labarin firjin mai shago ba. Amma firjin ya mutu.

Ƙanina da ke zaune da Inna ya kira ya ce maganin da ke hannu ya lalace, na kantunansu kuma ya yi wuyar samu. Maigidana ya sayo sabo ya ba wani ɗan kabu-kabu mai bin hanyar daji. Ya kai, Allah ya saka masa, amma ƙanƙarar ta narke tun a hanya, can kuma babu inda za a sa. Suka gwada binne kwalaben a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Allurar tana shiga, jikin bai san an yi ba. Duk sa'ad da na ce zan zo, Inna sai ta karɓi wayar ta ce in zauna wurin yara, gobe-jibi za a buɗe. Mu duka haka muka ɗauka. Wa zai rufe Ƙonni da Illela ya daɗe?

Ita kuwa ɗiyata ta ƙi cire zaren. Ya koɗe, ya zama ruwan ƙasa, da shi take wanka. Wani lokaci in gan ta zaune ta miƙe hannu a gwiwa, ta yi tsit. Ta kai shekarun da ta san zare ba ya magana, amma dai tana saurare.

Ranar da ƙanina ya ce Inna ta daina cin abinci, na yafa mayafi. Yarinyar ta riƙe min zane.

"Mama, ki tahi da ni. Ta ce in rugo."

Mai babur ya ce ba zai ɗauki yarinya ba, hanyar ta cikin gonaki ce, ga taɓo, ga masu tsaro, in aka biyo shi gudu zai yi. Ubanta ma ya ce a'a. Na ɓamɓare yatsunta daga zanena na tafi.

Na iske Inna ta zama kamar ba ita ba, amma ta gane ni. Ta duba bayana.

"Ina ƙawata?"

Na ce tana gida, hanya ce ba kyau. Ta yi ƙoƙarin ɗaga hannun da ke da zaren, bai ɗagu ba. Ta ɗan murmusa.

"Ki ce mata ina ta ja. Zaren malaminsu ne ba shi da ƙwari."

Washegari da azahar Allah ya karɓi abinsa. Matan da suka yi mata wanka suka kwance zaren suka miƙo min, suna tambaya ko na magani ne. Na ce na makaranta ne. Ba su gane ba, ni kuma ba ni da ƙarfin bayani.

Da na dawo na ba yarinyar saƙon yadda aka ba ni, na ba ta rabin zaren. Ba ta yi kuka a gabana ba. Malamin ya zo mana ta'aziyya, mutumin kirki, ya zauna a zaure tare da maigidana. Ta kai musu ruwa, ta durƙusa, ina jin ta daga tsakar gida.

"Malam, kun ce babu mai saki."

Ya ajiye kofin ruwan. Ya ce, "Haka na ce, ɗiyata. Har ga Allah haka na zata." Daga baya na ji cewa shi ma matarsa da yaransa rufewar ta rutsa da su a can.

Ban taɓa jin haushinsa ba. Abin da ya koya musu gaskiya ne, mu ne shaida: an ja a wani gari mai nisa, an ji a jikin mahaifiyata. Abin da bai shiga darasin ba shi ne, masu ja daban, masu ji daban. A gindin dogon yaro kowa yana riƙe da nasa bakin zaren. Mu kuwa ba a ba mu komai mu riƙe ba, a hannu aka ɗaura mana.

An buɗe iyaka tuni, motoci na wucewa kamar ba a yi komai ba. A jarrabawa ɗiyata ta fi kowa maki a wannan darasin, ta rubuta duk amfanin dogaro da juna ba ta bar ko ɗaya ba, ta kawo min takardar ta ajiye. Bara ƙaninta ya shigo da nasa zaren a hannu yana tsalle, wai shi ne Masar. Ta dube shi, ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwanan baya na ce mata ta shirya mu leƙa ƙetare mu gaida kawunta. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙasar waje dai, Mama."

Na ɗauki zane na taya ta ninkin.