Jakin Kaka da Motar Kawu Ilu

A Dogo-Dogo na tashi, a gidan kakata ta wajen uwa, Kaka Hajjo. Lokacin ɗari, da an gama cin tuwo bayan magariba, sai ta tura kara cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Takan ce, "Ga wata baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wuri?" Baƙuwar ita ce tatsuniya, sai mu ce ta zauna. Tatsuniyoyinta duk mun haddace su, ban da guda ɗaya da ta yi mana sau ɗaya tak, ina 'yar shekara tara.

A shekarar ne autanta, Kawu Ilu, ya dawo daga koyon gyaran mota. Ya sayar da shanunsa na gado ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura, don ya riƙa kai mutane kasuwar Magariya. Injinta ya gaji, ko rairayin bakin gari ba ta iya haurawa. Sai ya samo injin wata babbar mota da ta yi hatsari, ya kafa itace uku da sarƙa a ƙofar gida, ya cire tsohon ya saka sabon. Ya canza kafireta, ya sa babbar matatar iska, ya haɗa mata bututun ƙarfe da ya miƙe har saman rufi.

Kwana goma Kaka tana zaune a gefe tana ɓare gyaɗa tana kallo. Ba abin da ba ta tambaya ba. Ya gaya mata inji shi ne zuciya, bututun kuwa hanci ne, tunda babban inji yana son iska mai yawa, kuma ta sama ta fi tsabta. Ranar da ya tayar da ita, kaji suka watse, gari ya taru. Ya ce jibi zai ɗauki mutanen kasuwa.

Da yammar nan Kaka ta kawo mana labarin wani jaki da ya gaji da raini, ya je wurin maƙeri ya roƙa a sa masa zuciyar doki. Aka sa. Ya zabura, sai numfashi ya gagare shi. Ya koma aka ba shi hancin raƙumi. Daga nan ya wuce barewa, ya wuce jimina, har ya hango rijiya a gabansa. Ya so tsayawa, amma ƙafafun na jaki ne, ba su san yadda ake tsayar da zuciyar doki ba.

Na tambaye ta ko ya faɗa ciki. Ta gyara itacen wuta ta ce, "Ban sani ba tukuna. Ku tambayi Auta, ga shi can."

Ashe Kawu yana jingine da rumbu yana saurare. Bai yi dariya ba. Washegari ya cire ƙafafun motar duka huɗu, ya tarar birkin ya cinye, bai ma isa ya riƙe tsohon injin ba. Ya fasa tafiyar. Kasuwa uku ta wuce shi yana jiran kayan birki daga ƙetaren iyaka, samari suna yi masa ba'a cewa motarsa kuka kawai ta iya.

A tafiyarsa ta farko har da ni da innata. Motar cike, tana gudun da ban taɓa gani ba, sai ga garken shanu ya fito daga bayan geza ya tare hanya. Kawu ya taka birki, muka kifu kan juna, buhun wake ya fashe. Motar ta tsaya saura taku biyu ta bugi wata saniya.

Bayan na girma na tambayi Kaka a ina ta san birki. Ta ce ita ba ta ma san sunansa ba. "Na ga ya taɓa zuciya, na ga ya taɓa hanci. Kwana goma ban ga ya duƙa wajen ƙafa ba."

Na daɗe ina zaton labarin gargaɗi ne a kan son gudu. Sai da na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na gane abin da ta koya mini daban ne: a zauna a kalli aiki har ƙarshe, sannan a tambayi wurin da hannu bai kai ba. Kuma ta faɗa wa ɗanta gaskiya a gaban yara takwas, ba tare da ko ɗayanmu ya gane gyara take yi masa ba.