Ranar da Badaru Kuku Ya Kira Sunan 'Yarsa

Badaru ɗan manoma ne a Rafin Kanya, wani ƙauye tsakanin Bici da Kunci. Da aka raba gonar ubansu tsakanin maza biyar, abin da ya faɗo hannunsa ko akuya ba za ta ƙoshi da karansa ba. Shi ya sa da ya ji Baturiyar mishan tana neman mai dafa mata abinci, ya wanke rigarsa ya tafi, alhali ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba.

Sunan Baturiyar Malama Hilda. Daga wata ƙasa mai sanyi ta taso don ta koya wa 'ya'yan Maguzawan bayan gari karatu, ta kuma kira su zuwa addinin Kirista. Maguzawan suka ba ta yara goma sha biyu, sauran yaran kuwa suka ce gona na bukatarsu. Da asuba takan durƙusa a kan siminti tana addu'a har gwiwoyinta suka yi kanta. Ƙarfe bakwai ta kaɗa ƙararrawa, ko yara sun zo ko ba su zo ba. Abincinta ƙwai ɗaya, burodi yanka biyu, da shayi ba sukari, tana ci kamar mai shan magani. Ba miji, ba ɗa, sai wata kyanwa da take yi wa hira, abin da mata suka shekara suna tattaunawa a bakin rijiya ba su kai ƙarshensa ba. Amma ba wanda ya taɓa cewa da wasa take. Gyambon da kowa ke toshe wa hanci, ita ke wanke shi da hannunta.

Kullum bayan karin kumallo sai ta karanta wa Badaru shafi guda daga littafinta, ta ce, "Ka gane, Badaru?"

"To, Malama."

"Zuciyarka ta kusa buɗewa?"

"To, Malama."

Azahar na yi ya zaga bayan sito ya shimfiɗa buzunsa. Haka suka yi shekara goma sha ɗaya, tana rubuta wa cocinsu cewa kukunta yana bakin ƙofa, shi kuma yana kai wasiƙun gidan waya a Bici bisa keke.

Ta taɓa tambayarsa 'ya'yansa nawa, ya ce biyu, Iliyasu da Nababa. A ganinsa bai yi ƙarya ba. A wannan ƙasa uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya lissafa shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma da ita ake auna mutuncin namiji. 'Yar farinsa, Kaltume, tun daga yaye tana hannun yayarsa Safara'u, katanga ɗaya ce tsakaninsu. In suka yi kiciɓis a hanya, shi ya dubi gabas, ita ta dubi yamma.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke gero na gab da fidda kai, ya bushe a tsaye. Kafin bazara mata sun koma tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Ana cikin haka mota ta kawo wa Malama Hilda buhunan garin madara da alkama. Ta sa aka kafa rabin duro a tsakar makaranta, ta ce kowane yaro a ƙauyen, na Musulmi da na Bamaguje, yana da kofin kunu kullum.

Mako guda ta lura wasu yaran suna sha su zaga su sake hula su dawo. Ita kuwa ta fi tsoron ƙarya a kan yunwa. Sai ta kafa doka: uba da kansa zai riƙo hannun yaro, ya ce wannan nawa ne, sunansa wane, sannan ta rataya wa yaron guntun gwangwani mai lamba a wuya. Ba lamba, ba kunu.

Iyaye maza suka zo da na biyu da na uku da 'yan auta, duk aka rataya musu. 'Yan fari kuwa kakanni da gwaggwanni ne suka kawo su.

"Ina ubansa?" in ji Malama Hilda.

"Ga shi can."

"Kai, wannan ɗanka ne?"

Mutumin ya sosa ƙeya, ya dubi sama. "Yaron gidanmu ne dai."

"Kun gani! Wani ƙauyen kuka aro shi."

Haka aka kori 'yan fari ashirin da wani abu. Badaru na tsaye da muciya yana tuƙa kunun, ya san abin da ke faruwa sarai, amma bakin da ya shekara goma sha ɗaya yana cewa "to" ba ya saurin koyon wata kalma. Ɗiba a ɓoye kuma ba hali, makullin sito yana wuyanta tare da gicciye, kuma har ƙanzon duro sai ta leƙa.

A rana ta goma Safara'u ta tare shi a ƙofar gida, ta ƙi amsa gaisuwarsa.

"Sannu, sarkin muciya. Kana ciyar da 'ya'yan gari, taka tana lasar hannu."

"Yaya, ki yi a hankali, mutane na ji."

"Su ji! Gashin yarinyar nan ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ni na goya ta, ba zan wanke gawarta don kai kana jin kunya ba. In ba ka da baki, ba ni rigar kukun in sa."

Da la'asar ya sami Malama Hilda tana gyara alli a aji. Ya durƙusa, ya yi mata bayani a hankali, yana kallon ƙasa, ba tare da ya ambaci suna ba. Ta cire tabarau.

"Kana da 'ya, shekara takwas, ban sani ba?"

"Ba ɓoyewa ba ne, Malama. Kunya ce."

"Kunyar me? Sato ta ka yi?"

Ya roƙe ta ta karɓi shaidar gwaggwanni. Sai ya ga idonta ya kawo haske irin na ranar Lahadi. Ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa aka aiko da wannan yunwa, don a karya wannan duhu ne. Ta ce a littafinta an yi magana daga sama a gaban taro an ce wannan ɗana ne ƙaunatacce, ba a ji kunyar kowa ba. Badaru ya yi istigfari a zuci. Ta ce za ta sassauta dokar, amma sai uba ɗaya ya fara kiran sunan ɗan farinsa, a gaban kowa.

"Gobe ka kawo ta."

Washegari layi ya kai bakin rijiya. Badaru ya taho riƙe da wuyan hannun yarinyar da yatsu biyu, kamar mai sauke tukunya daga wuta, ita kuma ta karkatar da kai gefe. Hayaniya ta mutu.

"Wace ce wannan?"

"Tawa ce," ya ce, can cikin maƙogwaro.

"Sunanta?"

Ya motsa leɓe.

"Ban ji ba, Badaru."

"Kaltume!"

Mata suka ɗauki salati, suna rufe baki da gefen mayafi. Wani magidanci, Mani, wanda shi ma aka kori ɗan farinsa, ya ce da ƙarfi, "Shi ke nan, madarar Nasara ta hau wa Kuku kai." Dariya ta tashi har bayan layi. Malama Hilda kuwa hawaye take, tana rataya lambar. Nan take ta sanar cewa daga yau duk yaron da Badaru ya ambaci sunansa da na ubansa, ta yarda.

Kafin azahar masu dariyar suka fara zagayowa bayan kicin ɗaya bayan ɗaya. Mani ne na uku.

"Kuku, yaron nan na wajen tsohuwa, ka taimaka."

"Wane yaro, Mani? Ba shi da suna ne?"

Badaru ya bar shi yana murza hula har gumi ya keto masa, sannan ya tashi ya je gaban Malama Hilda ya kira sunan yaron. Ɗan wani ba nauyi a baki. A ranar 'yan fari ashirin da uku suka sha kunu. Wannan bai hana iyayensu laƙaba masa Kuku Marar Kunya ba, kuma sunan ya bi shi har tsufa.

Kumburin ƙafar Kaltume ya saɓe cikin mako uku. Da ta sami ƙarfin yin doguwar magana, abin da ta fara gaya wa Safara'u shi ne, ita fa in mutumin nan zai sake riƙe mata hannu a gaban mutane, ta haƙura da kunun.

Safara'u ta tura mata kofin. "Sha, 'yar nema. Ai sai da rai ake kunya."