Gawar Da Ke Jiran Tafi

Duk ranar da na ɗora zoɓo a wuta, ƙamshinsa ya cika kicin, sai in ji sanyin siminti a gadon bayana.

Ina da shekara sha huɗu a lokacin, muna zaune a Hayyin Ashir, wata unguwa a ƙasar Larabawa, Baba yana karatun fiƙihu. Hunturun nan ne da gari ya rikice, aka rufe makarantu, samari suka tare bakin kowane layi da sanduna suna gadi. Baƙi irinmu, ko burodi ka fita saye sai an raka ka da ido.

Malaminmu na Turanci, da muke kira Ustaz, dattijo ne ɗan Sudan mai tsatson Hausawa. Shi ke koya mana tsofaffin littattafan Ingila da Amurka, kuma a wurinsa wasan kwaikwayo ba a karanta shi a zaune. Da zaman gida ya yi tsawo, sai ya roƙi iyayenmu su bar shi ya riƙa tara mu 'yan mata a saman benenmu bayan la'asar, tsakanin igiyoyin shanya.

Wasan na wasu fadawa ne da suka haɗa baki suka soke shugabansu. Ni aka ba shugaban, don Turancina ya fi na kowa rauni, gawa kuwa ba ta da dogon jawabi. Wuƙaƙenmu na kwali ne. Jinin kuma zoɓon Goggo ne, yayar Baba da ta zo neman maganin gwiwa ta zauna da mu. Doka ɗaya Ustaz ya kafa mini: gawa ba ta motsi sai ya tafa.

Ranar, ƙawayena suka soke ni, na faɗi, aka lulluɓe ni da farin zanin gado, aka tuttula zoɓo. Sai wata mata a barandar gidan da ke kallonmu ta kurma ihu da Larabci, wai baƙi sun yanka yarinya.

Na ji takun ƙafafu suna hawowa, ƙofar ƙarfe ta daki bango. Ta jikin zanin na hango samari da sanduna, biyu sun murɗe hannayen Ustaz ta baya, rawaninsa a ƙasa.

"Wasa ne, wallahi wasa ne," in ji shi.

"Wasa da jini, tsoho? Yalla, ku sauko da shi titi!"

Kowa ya san wanda aka sauko da shi titi a kwanakin nan ba a tsayawa jin ta bakinsa. Ustaz ya ce da Hausa, "Tashi, 'yata." Na so in tashi, Allah shi ne shaidata, amma jikina ya mutu murus, hasbunallahu kawai ke yawo a ƙirjina. Kunnena kuwa tafi yake jira, ga hannayen da za su tafa a riƙe.

Suna jansa zuwa matakala sai ga Goggo tana hawowa da ƙarin zoɓo a jug, tana nishi saboda gwiwa. Larabcinta bai wuce gaisuwa ba. Ta ture su da kafaɗa, ta yaye zanin, ta dangwali jinin ta lasa. Sannan ta cusa wa babbansu jug ɗin a baki.

Ya kurɓa. "Karkade," ya ce, wato zoɓo da Larabcinsu. Sandunan suka sauka. Ya ba ta haƙuri: "Ma'alish, ya hajja."

Goggo ta juyo kaina. "Ke kuma tashi, gawar banza, kin ɓata mini zanin gado."

Ban iya ba. Sai da aka saki Ustaz, ya matso, ya haɗa tafukansa, ya tafa a hankali. Sannan na zauna, kuka ya ƙwace mini.

Bai ƙara hawa saman benen ba. Da aka buɗe makaranta, wani labarin Amurkawa muka ɗauko, muka karanta shi a zaune, tagogi a rufe.

Yau shi da Goggo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ƙannena a waya suke kallon irin wasannin nan, ba mai jiƙa zanin kowa. Amma 'yata ƙarama ta koyi kwanciya a tabarma ta rufe ido, wai ta mutu. Ba na bari ta daɗe. Ko hannuna na cikin kwaɓi, sai na tafa.