Ranar da Ruwa Ya Ƙi Karɓar Shara

A layinmu na unguwar Birketeri, idan hadari ya haɗo, ba shanya kaɗai ake kwashewa ba. Kowace mace takan jawo bokitin shararta bakin ƙofa ta jira. Da zarar ruwa ya yi ƙarfi, rigol, wato babbar kwatar da ta bi ta bayan gidajenmu, ta cika ta fara gudu, sai a fito a juye a ciki. Ruwa ya yi gangare da ita. Inda take zuwa ban taɓa tambaya ba. Haka na taso na gani.

Ba wai babu wurin zubarwa ba ne. Akwai ƙaton bak, wato mazubin shara na ƙarfe, can saman tudu a bakin titi, amma motar kwasa sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. Mutum ya hau tudun nan da bokiti a ka, ya isa yana haki, ya tarar shara ta tumbatsa har ta cinye rabin hanya.

Ni ke kwana da Kaka, mahaifiyar Baba. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun ina lise, wato sakandare, kuma katifarta a ƙasa take don tana tsoron faɗowa daga gado. Ɗakinmu ne na ƙarshe a gidan, sai an sauka matakala biyu ake shiga. Bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau.

"Wai me kuke tarawa haka?" takan ce idan ta ga na ɗaga bokitin da ƙyar. "Mu shararmu toka ce da ɓawon rogo. Akuya ta ci rabi, ƙasa ta ci rabi. Taku ko wuta sai ta yi da gaske."

Gaskiyarta. Namu bokitin leda ce, robobin ruwa, kunzugun kanti na jaririn matar yayana, da ƙyallayen atamfa daga shagon ɗinkin Baba.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar. Inna da matar yayana sun tafi suna unguwar Madagaskar, Baba yana shago. Ruwa ya kece. Kaka ta ce in rufe mata ƙofa, feshi yana dukanta. Iska tana ta bankaɗe ƙofar, sai na tura ta na zura sakata ta waje, na ɗauki bokiti na fita.

Na tarar da maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai a bakin rigol, ta riga ta juye nata.

"'Yar boko, yau ma bokiti ɗaya? Ba kwa girki ne a gidanku?"

"Mu cinyewa muke yi, Goggo. Ku ne masu ragi."

Na juye. Sai na ga sharar ba ta tafi ba. Tana ta juyawa wuri ɗaya. Na dubi ƙasan 'yar gadar siminti da ruwan ke bi, na ga wata tsohuwar katifa ta toshe bakin, robobi da leda sun taru a kanta sun liƙe. Ruwan da ke zuwa daga unguwar Ekudu bai sami hanya ba. Ina tsaye ya haura gefen rigol, baƙi ƙirin, ya miƙe cikin lungunmu.

Goggo ta daina dariya. "Tsohuwarku fa?"

Ban san inda na yar da bokitin ba. A tsakar gida ruwa ya rufe mini idon sawu, a matakalar ɗakinmu ya kawo gwiwa. Na kama sakata na ja, ta ƙi. Ruwa ya danne ƙofar, ƙarfen ya cije. Hannuna jiƙe, sai sulluɓewa yake yi. Daga ciki ina jin Kaka tana salati a hankali, ba ta ko kira ni ba. Na doki ƙofar da kafaɗa, alhali na san waje take buɗewa. Kaina ya ƙulle gaba ɗaya.

Goggo ce ta ture ni gefe, taɓaryarmu a hannunta. Duka uku ta yi wa sakatar ta fita. Mu biyu muka ja ƙofar.

Ruwan ya riga ya shiga ta ƙasan ƙofa ya shanye katifar. Kaka ta dogara da gwiwar hannu ta ɗaga haɓa sama, kunzugu da robobi suna yawo a gefen fuskarta.

"Kin daɗe," ta ce. Shi ke nan.

Na goya ta, Goggo ta ɗaure mu da mayafinta, muka haura zuwa shagon Baba. Sai a can aka nuna mini kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa.

Kashegari zazzaɓi ya rufe Kaka, ga gudawa, don ta haɗiyi ruwan. Ta kwana takwas a asibiti, ni ce a gefenta. Da Kawu, yayan Baba, ya tambayi yadda aka yi ƙofar ta kulle, Inna ta ce iska ce. Na buɗe baki, ta taka mini ƙafa, mai ciwon kuwa.

Da aka sallame ta Kawu ya wuce da ita gidansa a unguwar Etudi, inda yake kan tudu. Na ce zan bi ta, ya ce akwai 'yan mata a gidan, sun isa.

Ina zuwa duba ta ranar Juma'a. Ta rame, amma tana cin abinci, likita ya ce ta tsallake. Abu ɗaya ne: ba ta yarda a rufe mata ƙofa, ko da rana tsaka. Duk wanda ya taɓa sai ta fara kokawar tashi zaune. Da Kawu ya gaji, ya sa kafinta ya cire ƙofar aka rataya labule.

Wancan makon na zauna kusa da ita na ce, "Kaka, ni ce na sa sakatar."

"Na ji ƙararta ai," ta ce. "Matso ki gyara mini matashin nan, wuyana ya gaji."