Gamba Layi Biyu a Fadamar Kwarin Ilu

Kwarin Ilu ba gari ba ne da mota ke tsayawa dominsa. In ka baro Birchi sai ka sauka daga titi, ka bi burtali tafiyar rabin sa'a, kafin ka hango gidaje talatin da 'yan kai a bakin wata ƙorama. Arewa da gari tudu ne mai rairayi, ba ya karɓar komai sai gero da gyaɗa da wake. Kudu kuwa fadama ce, baƙar ƙasa mai riƙe laima har tsakiyar rani, kuma a kanta ake duk wata rigima tun kafuwar garin. Ilu, wanda garin ya ci sunansa, ya zo daga wajen Kurfi da jaki ɗaya da gatari, ya haƙa rijiya, ya yanka wa waɗanda suka biyo shi gonaki. Duk wanda aka yanka wa, sai a dasa masa gamba a kan iyaka. Da kaka a yanke ciyawar a saƙa zana, tushen ya zauna a ƙasa yana shaida.

Baba Lado jikan Ilu ne. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Abin da ya gada wurin mahaifinsa shi ne sanin gona: wadda aka saya, wadda aka gada, wadda aka bayar kyauta. Masu unguwa uku suka yi zamani da shi, ba a taɓa kai maganar iyakar garin gaban alƙali ba. In Lado ya dangwala sandarsa a ƙasa, magana ta ƙare.

Sai wata Laraba da hantsi 'yan bindiga suka shigo a kan babura. Mutum tara aka binne, cikinsu har da Badamasi, mijin Larai, wanda aka tarar a fadama fartanyarsa na gefensa. Garin ya watse, wasu Kurfi, wasu Dutsin-Ma. Damina uku Baba Lado ya yi a zauren wani gida a Dutsin-Ma, inda Larai ke aiko masa da koko kowace safiya daga abin da take sayarwa. Har yau in ya ji ƙarar babur fiye da ɗaya, sai ya katse magana ya nemi jikin bango.

Bana aka ce hanya ta ɗan lafa, gida goma sha ɗaya suka koma. Suka tarar kunyoyin gonaki sun baje, gamban da ba a yanka ba ya zubar da iri ya mamaye fadama gaba ɗaya. Nan rigima ta tashi. Gonar Larai a gangare take, ƙarshenta kaɗai ya taɓa baƙar ƙasa, kuma da wannan ɗan yankin take ciyar da 'ya'ya huɗu da tumatir da albasar rani. Rilwanu, mai gonar da ke ƙasa da tata, ya dawo da baki goma sha huɗu da zai ciyar, har da marayun wansa. Ya ce mahaifiyarsa ta gaya masa kafin ta rasu cewa yankin nasu ne.

Washegarin ruwan shuka Mai unguwa Mas'ud ya tara su a wurin.

"Baba, ka ga aikin gamba," in ji Mai unguwa. "Mun bar shi gadi, ya cinye gonar."

"Haka mai gadi yake in maigida ya daɗe a tafiya," in ji Baba Lado.

Larai ta gyara mayafi ta ce, "Kunya goma sha biyu ce tawa cikin baƙar ƙasa. Kowa ya sani."

"Ina kunyar take, Yaya Larai?" in ji Rilwanu. "Nuna mini ko ɗaya."

"Ai tun da ka buɗe baki na ga babu kunya a fadamar nan," in ji Larai.

Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Baba Lado ya durƙusa yana laluben ƙasa. Sabon gamba tushensa bai wuce dunƙulen hannu ba. Tsoho kuwa faɗin faifai ne da shi, tsakiyarsa ta mutu ta yi rami. Ya bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya har suka jeru masa a layi, can ƙasa, inda Larai ta ce. Sannan ya hauro sama, ya sami wani layin, wanda ya fi na farko tsufa, daidai inda baƙar ƙasa ta haɗu da rairayi.

Tun kafin ya durƙusa ya san zai same su. Wata shekara da aka yi fari, yana saurayi, tudun mahaifin Badamasi bai ba da ko dami ɗaya ba. Talha, kakan Rilwanu, ya ba shi aron kunya goma sha biyu, ya ce, "Ka ci har ka miƙe." Aka dasa sabon layi, ba a tumɓuke tsohon ba, domin haka ake yi a garin: in saye ne ko kyauta sai a cire tsohon gamba, in aro ne sai a bar shi. Mai bayarwa ya rasu, mai karɓa ya rasu, ba wanda ya sake tayar da maganar. Cikin waɗanda suka tsaya a wurin ran nan, Lado kaɗai ya rage.

Ya daɗe a tsaye tsakanin layukan biyu. In da zai dangwala sanda a na ƙasa, ya ce na saman tsohon gamban zana ne kawai, ba mai iya ƙaryata shi. Ya dubi Larai, sannan ya dubi Rilwanu da rigarsa da ta yi masa yawa. Ya hau gangaren a hankali, ya dangwala sandar a layin sama.

"Aro ne," ya ce.

Larai ba ta ɗaga murya ba. "Shekara ashirin da biyu ina kawo abinci gonar nan, Baba. A nan aka ɗauki gawar Badamasi. Ba ka taɓa ce mini aro ba ne."

"Ba a tambaye ni ba, ɗiyata."

Ya juya ga Rilwanu. "Kakanka cewa ya yi har a miƙe. Dube ta da kyau. Ta miƙe?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. "Baba, ni ma ban miƙe ba."

Mai unguwa ya ce yankin ya koma hannun Rilwanu, ya shafa fatiha, aka watse.

Larai ba ta yi shuka ba. Geron tudu ba ya kai mutum biyar ƙarshen rani, ita ma ta sani. Ranar Juma'a ta ɗaure kayanta za ta koma Dutsin-Ma da yaran, ta biyo ta ƙofar gidan Baba Lado, ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Ga gonar tudu nan na bari, Baba," ta ce. "In wata rana an tambaye ka ta wace ce, ka faɗi gaskiya, tunda ka iya."

Ya buɗe baki zai sa mata albarka, ta riga ta tashi ta ɗora ƙunshinta a ka.